Sunayen Mutanen Bukkoki

A shekarun da albashi yake yin wata uku, wata huɗu bai fito ba, ni ƙaramin malami ne a jami'ar Yamai, ina koyar da nazarin zaman jama'a. Ɗalibai na yajin karatu, mu muna yajin aiki, har ta kai ba a sanin na wa ya ƙare, na wa ya fara. Mu huɗu ne a biro ɗaya, wato ofis, mai kujera uku. Farar takarda ta ƙare tun bara, sai mu juya tsofaffin jarrabawar ɗalibai mu yi aiki a bayansu. Bincike kuwa, wanda aka ce shi ne rabin aikinmu, ba mai ko ambatonsa, don babu wanda zai ba ka kuɗin motar da za ta fitar da kai bayan gari.

Ana cikin haka aka liƙa sanarwa a ƙofar sashenmu, cewa wata ƙungiya ta ƙasashen waje za ta koya wa malamai yadda ake rubuta takardar neman tallafin bincike, kwana biyar. Ba zan ɓoye ba, yawancinmu abincin rana da ɗan kuɗin zama ne suka kai mu. Ni ma haka. Matata tana da ciki wata bakwai a lokacin.

Mai koyarwar wata dattijuwa ce daga ɗaya daga cikin ƙasashen bakin teku, wadda ta daɗe tana aikin tace irin waɗannan takardu a Turai. Madam muke ce mata. Ba ta da wasa, amma ba ta raina kowa. Ranar farko ta ɗaga wani dosiye mai kauri na takardun neman tallafi ta sake shi a kan tebur.

"Wanda zai karanta naku mutum ne da ya gaji," in ji ta. "Tsibin irin wannan ne a gabansa, kuma yana so ya tafi gida. In shafin farko bai riƙe shi ba, ba zai ga na biyu ba."

Ta koya mana yadda ake fara da matsala, a bi da abin da ake son ganowa, sannan hanyar da za a bi, da tsawon lokaci, da abin da aikin zai ci. Ta hana mu dogayen gaisuwar da muka saba buɗe wasiƙa da su. A rana ta biyu ta ce kowa ya tashi ya faɗi aikinsa a jimla ɗaya. Da aka zo kaina na ce ina so in rubuta abin da ya sami mutanen Arlit.

"Wannan ba bincike ba ne, baƙin ciki ne," ta ce. "Waɗanne mutane? Suna ina? Me kake so ka sani wanda ba a riga an sani ba?"

Aka yi dariya, na zauna. Amma tana da gaskiya, kuma ni na san dalilin da ya sa maganar ta fito mini haka. A Arlit na girma. Mahaifina mutumin Damagaram ne, makanike, ya hau arewa tun ana kafa garin. A site muka tashi, wato gidajen da kamfanin ma'adinai ya gina wa ma'aikatansa, da ruwan famfo da wutar lantarki da likita kyauta, a lokacin da kakata a ƙauye take jan guga. Ya rasu kafin farashin uraniyom ya faɗi, bai ga sallamar da aka yi wa abokansa ba. Yayata tana can da aure har lokacin, kuma a wasiƙunta ne nake jin yadda garin yake zama.

Kafin kwana biyar ɗin su cika, madam ta taimake ni na tsayar da tambayata: da me iyalan da suka rasa aiki da waɗanda suka rasa dabbobi suke rayuwa a unguwar Bukkoki, kuma wa yake ciyar da wa. Ta ce tambayar ta yi. Sai ta ƙara da cewa masu ba da kuɗi suna son su tabbata mutanen nan akwai su, kuma sun yarda. In kawo wasiƙar amincewa daga gare su, da listin gidajen da zan yi aiki da su.

Akwai wani shafi da ake rubuta haɗarin da zai iya samun aikin. Na rubuta cewa ana iya rufe hanya saboda tawayen Abzinawa, ina iya yin rashin lafiya, kuɗi suna iya makara. Madam ta karanta ta ce ya yi kyau. Ni da ita duk aikin muka duba. Ba wanda ya tambaya ko akwai abin da aikin zai iya ja wa mutanen.

Wata biyu suka rage a rufe karɓar takardu. Na sayar da rediyona na hau mota.

A Agadas na kwana huɗu ina jiran ayari, don a lokacin mota ba ta bin hanyar Arlit ita kaɗai, sai an tara su sojoji sun raka. Muka tashi da hantsi, motar soja a gaba, wata a baya. Bayan mun wuce mararrabar Anu Araren, inda ake haƙo gawayin da ke ba garuruwan wuta, muka ga ƙwarangwal ɗin wata kamyo, babbar motar kaya, da aka ƙone a gefen kwalta. Wata mata a kusa da ni ta rufe wa ɗiyarta ido da gefen mayafi.

Garin da na tarar ba shi na bari ba. A site akwai layuka da aka kulle gidajensu gaba ɗaya. A kasuwa abin da ya fi yawa shi ne kayan masu ƙaura: firji, fanka, gadon ƙarfe, kekunan yara, an jera su a rana ba mai taya su. Bukkoki kuwa, wadda a ƙuruciyata ƴar unguwa ce a bayan gari, ta bazu har ido ba ya ganin ƙarshenta. Rumfunan tabarma, da gangunan ƙarfe da aka buɗe aka miƙar, da kwalaye, da tsummokaran tanti. Mutane iri biyu ne suka cika ta. Akwai ma'aikatan da aka sallama, ƴan Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda kuɗin sallama ya ƙare musu kuma suke jin kunyar komawa gida hannu biyu. Akwai kuma makiyaya, yawancinsu Abzinawa daga wajen Gugaram, da fari ya cinye musu dabbobi suka gangaro gari.

Mijin yayata direban manyan motoci ne a da. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran wani tsohon risho da ba nasa ba. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma.

"Ƙanena, wannan ba lokacin rubuta sunan mutane ba ne," ya ce.

Na fito masa da takardar izini da na karɓo daga biron sufurefe, mai mulkin yankin, da hatiminta da komai. Ya dube ta, ya miƙo mini.

"To, kai ka yi karatu," ya ce. Shi ne kuma ya kai ni wurin mutumin da zai yi mini tafinta.

Ba'abzine ne mai kimanin shekara hamsin, dogo, rawaninsa ya koɗe, tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Yana cikin yaran farko da aka kama aka kai lakol, makarantar boko, daga zangonsu, ya ce uwarsa ta yi kuka kamar an kai shi kabari. Ya yi shekaru yana riƙe da littafin ma'ajiyar kayan gyara a kamfani, har aka rage ma'aikata. Yanzu a rumfarsa akwai matarsa da ƴaƴansa, da matar ƙanensa da nata ƴaƴan, da wata gwaggonsa makauniya. Hausarsa tana gudu sosai, sai dai bai damu da bambanta mace da namiji ba. "Matata ya ce ka sha shayi," haka ya fara yi mini magana. Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran malamin lakol. Ni kuma ina ce masa baba.

Ban taɓa ganin rubutu mai kyau irin nasa ba. Ya ja layuka a kaye, littafin rubutu, da gefen kwalin sukari, suka fito kamar na inji. Na gaya masa cewa na sa shi a cikin takardar neman tallafin a matsayin mataimakin bincike, in an dace zai yi shekara biyu yana da albashi. Ya ce in nuna masa wurin. Ya sa yatsa a kan layin ya karanta shi a hankali, sannan ya cire tabarau.

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna zagaya Bukkoki, daga safe zuwa azahar, sannan bayan la'asar. Tun rana ta biyu labari ya bazu cewa poroje, irin na masu kawo taimako, ya zo rubuta mutane. Muna fitowa sai mu tarar da layi. Baba ya hau kan wata ganga ya yi bayani da Tamajak, harshen Abzinawa, ni na yi da Hausa: ba abinci muka kawo ba, ba mu da hatsi, ba mu da magani, tambaya kawai muke yi. Suka saurara har muka gama, ba wanda ya bar layin.

Wani tsohon mai haƙar ma'adinai, mutumin Tawa, ya tsaya a gabana yana tari. "Mi za ka yi da sunana in ba ka ba ni komi?" ya ce. "Sau ukku ana rubuta mu nan. Kowa ya rubuta ya tahi." Na ce masa in masu kuɗi sun ga halin da ake ciki a rubuce, wataƙila wata rana a yi wani abu. Ya dube ni, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya tafi.

Tambayoyin ba su da yawa. Sunan mai gida, inda ya fito, aikin da ya rasa ko dabbobin da suka mutu, bakin da yake ciyarwa. Ta ƙarshe ita ce wadda na fi alfahari da ita, don madam ta ce ita ce sabon abu a aikina: ƴaƴa maza da suka isa aiki, da inda kowannensu yake. Ina so in nuna cewa unguwar da kuɗin samarin da suka fita take numfashi. Amsoshin suka yi ta zuwa. Libiya. Tamanrasat. Libiya. Wani lokaci uwa ta ce yana daji wurin raƙuman wani. Wani lokaci ta ce ba ta sani ba. Baba ya rubuta duk yadda aka faɗa. Sau ɗaya ya tsayar da bik ɗin da yake rubutu da shi ya ce, "Mushe, wannan layin dole ne?" Na ce dole ne, shi ne zuciyar aikin. Ya ci gaba.

Wasiƙar amincewar wani Kirista ɗan Maraɗi ne ya buga mana ita, sakataren wata ƴar majami'a mai rufin kwano, wanda yake da injin rubutu. Ya ƙi karɓar ko dala. Dattawan unguwa suka dangwala yatsa a ƙasanta. Kaye biyu muka cika, iri ɗaya, duk da hannun baba. Na ɗauki ɗaya. Ɗayan na bar masa don ya ƙarasa gidajen da suka rage a gefen gabas, ya aiko mini ta hannun direba. Na bar masa ɗan abin da ya rage a aljihuna, na bi ayarin Alhamis.

Ina Yamai da kwana tara aka kai hari a kan hanya, aka kashe masu kaki. Rediyo bai faɗi da yawa ba. Bayan kwana uku wani direba ya kawo mini ƴar takarda daga mijin yayata, layi huɗu. An shiga Bukkoki an yi bincike rumfa rumfa. An sami kayen a wurin baba. An tafi da shi, kuma da kayen aka bi gidaje aka ɗebi mazan da aka rubuta cewa ƴaƴansu suna Libiya ko suna daji. Kada in zo yanzu.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa gaya wa matata shi dalla-dalla ba. Ban tashi a ranar ba. Na ɗauki kayena na cusa shi cikin buhun gero a madafa. Na je wurin shugaban sashenmu, ya rufe ƙofa ya ce kada in kuskura in jawo sunan jami'a cikin maganar tawaye, ko ba don kaina ba, don sauran malamai. Madam ta riga ta koma. Kwana shida suka rage a rufe karɓar takardu. Na gaya wa kaina cewa in an sami kuɗin, ai baba ne zai amfana. Na zauna na ƙarasa dosiyen, na gyara shafin farko har sau biyar, na cire listin na bar wasiƙar dattawa, na kai gidan waya. Sai da na karɓi rasit sannan na nemi motar arewa. A cikin kwanakin nan shida ban san abin da ake yi masa ba, amma ba zan ce ban yi zato ba.

A Agadas na yi ta yawo daga wannan biro zuwa wancan da takardar izinina da katin jami'a. A rana ta uku aka shigar da ni wurin wani hafsa. Saurayi ne, bai fi ni shekaru ba, idanunsa jajur. Kayen baba yana kan teburinsa, na gane layukan tun daga ƙofa. Na yi masa bayani tun daga horon da aka yi mana har zuwa ranar da na baro Arlit. Na ce rubutun nasa ne amma tambayoyin nawa ne, mutumin nan aiki na ba shi.

Ya buɗe kayen ya juyo mini shi. "Kai ka ce a rubuta inda samarin suke?"

"Ni ne."

"To ka yi mana aiki," ya ce. "Wata nawa muna neman wannan."

Na ce yawancin yaran nan ba ƴan tawaye ba ne, leburori ne, suna haɗa kankare a Libiya suna aiko wa iyayensu. Ya ce wataƙila. Ya ce cikin waɗanda aka kashe a hanya akwai wanda suka shiga soja rana ɗaya, matarsa tana da goyo. Ya karɓi takardar izinin ya sa a cikin kayen, ya ce za a duba. Da na tambaya ko zan iya ganin baba, ya ce ba ya nan, kuma bai san inda yake ba. Sannan ya ce in koma in koyar da ɗalibaina, in gode wa Allah da katin da ke aljihuna da kuma harshen da aka haife ni da shi.

Na koma. Na rubuta wasiƙu uku zuwa manyan birori, ba a amsa ko ɗaya ba. Matata ta haihu, aka yi suna. Aka biya mu albashin wata ɗaya daga cikin biyar.

Amsar masu tallafi ta zo bayan wata huɗu, a farar ambulan mai kauri. Sun yaba da takardar. Sun ce tambayar a fili take, hanyar aikin ta tsaru, wasiƙar dattawa ta nuna cewa ina da alaƙa ta gaske da jama'ar wurin. Sai dai dokarsu ba ta ba su damar sa kuɗi a yankin da babu tsaro ba. Suna ba ni shawara in mai da aikin wani gari a kudu inda ake da irin wannan matsala, in sake turowa, za su duba shi da idon rahama.

Na yi mako biyu ambulan ɗin tana cikin aljihun rigata. Daga nan na zauna na cire Arlit duk inda take na sa sunan wani gari na kudu da masana'antarsa ta rufe. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda aikin ya zo da sauƙi, yini ɗaya ya ishe ni. Layin mataimakin bincike na bar shi yadda yake, na canza sunan kawai. Aka ba ni kuɗin. Da su na yi aikin da ya sa aka ƙara mini girma, da su na sayi babur. Abokan aikina suka riƙa zuwa in duba musu nasu dosiyen.

Baba ya yi wata bakwai a tsare. Yayata ce ta rubuto cewa an sako su, ban da tsoho ɗaya da ya rasu a can, wanda ƴaƴansa biyu suke Tamanrasat. Da aka yi hutun damina na hau. Ta roƙe ni kada in shiga Bukkoki. Ta ce mata sun daina yi mata magana a bakin famfo, ana cewa ƙanenta ne ya zo da rigar poroje ya sayar da mutane. Mijinta bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya sa takalminsa ya raka ni har bakin unguwar, ya tsaya a nan.

Da safe ne. Na bi ta tsakanin rumfuna, mutanen da suka yi mini layi bara suna kallona. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya amsa sallamata. Wata mata ta ja ɗanta ciki.

Na sami baba a zaune a inuwar rumfarsa. Ya rame har rawanin ya yi masa yawa, tabaran babu. Sai da na matso sosai na yi magana sannan ya gane ni.

"Mushe," ya ce. "Ka zo."

Ya miƙo mini hannun hagu. Na dama yana kan cinyarsa, yatsu uku sun karkace sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Matarsa ta leƙo ta gan ni, ta koma ciki, ba ta sake fitowa ba. Shi ya jawo gawayi da butar shayi da hannu ɗaya. Na ce ya bari in yi, ya ce baƙo ba ya dafa shayi a gidansa.

Na fara maganar da na yi ta shiryawa a hanya. Na ce, "Baba, ku yafe mini. Ni na ja muku wannan. Kun tambaye ni ko layin nan dole ne, na ce dole ne."

Ya yi ta fifita wutar da guntun kwali. Can ya ce, "Na tambaye ka, gaskiya ne. Amma ni na san garin nan fiye da kai, kuma na rubuta. Albashin nan na shekara biyu nake kallo." Ya ɗaga murfin butar ya mayar. "Sun ce in faɗi wanda ya aiko ni. Na ce wani mushe daga Yamai. Suka ce ƙarya ne. Daga baya suka ce mushen ya zo ya tafi. Na ji daɗi da ka zo. Amma ba su daina ba."

Ban ce masa na yi kwana shida kafin in taso ba. Na yi niyya, bakina ya ƙi.

Ya tambaye ni ko Turawan sun amsa. Na gaya masa gaskiya, duka, har da garin kudu da babur. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin farashin kasuwa.

"To, ba a yi asarar rubutun ba ke nan," ya ce. Na kasa gane ko da gaske yake ko magana ce ya gaya mini, kuma har yau ban gane ba.

Na fito da ambulan da na sa kuɗi a ciki na ajiye a gefen tabarma. Bai taɓa ta ba, bai kuma ce in ɗauke ba. Ya ce matar tsohon da ya rasu tana rumfa ta huɗu daga nan, in ina da ƙarfin hali in je in yi mata gaisuwa. Na ce zan je. Na je daga baya, ta karɓi gaisuwar ta bayan tabarma, ba ta bari na ga fuskarta ba.

Bayan kofi na biyu ya ce, "Kana da bik?"

Na ce ina da shi. Ya ce tun da ya fito yake so ya rubuta wa ƙanensa da ke Tamanrasat, amma hannun ya ƙi, kuma ba ya son ya kai sirrinsa wurin masu rubutun kasuwa. Na yage takarda daga littafina na ɗora a gwiwa. Ya riƙa faɗa da Faransanci, a hankali, yana jira in gama kowace jimla.

Ya ce a gaya masa yana gaishe shi. Matar ƙanen da ƴaƴansa suna lafiya, ƙaramar ta fara tafiya. Gwaggo ta rasu da azumi, ba ta sha wahala ba. Shi ya yi tafiya ta ƴan watanni amma ya dawo. Kada ya aiko da kuɗi ta hannun wanda bai sani ba. Kada ya zo. In akwai aikin gadi a can, ko na dare ne, wanda ba ya bukatar rubutu, ya nema masa, zai taho da iyalin duka kafin sanyi.

Na karanta masa daga farko. Ya sa na gyara kalma ɗaya da na rubuta ba daidai ba. Sannan ya karɓi bik ɗin da hannun hagu ya yi wani ɗan zane a ƙasa, a karkace, ya daɗe yana kallonsa kusa da idonsa.

Ni na kai wasiƙar tasha na ba wani direba da ya ce ya san unguwar da ƙanen yake a Tamanrasat. Da na sake hawa Arlit bayan shekara biyu, wasu mutane ne a rumfar, ƴan gudun fari daga wani wuri. Sun ce ba su san wanda ya zauna a nan kafin su ba.